Leɓen Tsohuwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu a ƙarshen bazara, a ranar da hadari ya fara leƙowa daga gabas ya koma bai zubar ba. Muka kai shi makwancinsa bayan azahar, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Duk wanda ya zo gaisuwa, da ya shafa addu'a sai ya juya ya dubi doguwar motar da ke ƙarƙashin darbejiya, sai ka ce ita ma tana jiran a yi mata gaisuwa.

Liman ya ce, "A garin nan babu ƙofar gidan da motar nan ba ta tsaya ba. In ba mai naƙuda ba, to mara lafiya, in ba shi ba, to gawa. Allah Ya saka masa da Aljanna."

Wani dillalin shanu da ya taso takanas daga Maigatari ya ba da labarin ranar da Baba ya sauke shi a tsakiyar hanya, da rana tsaka, don kawai ya buga ƙofar mota da ƙarfi. Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Wata Bafulatana daga wajen Gagarawa ta aje ƙwaryar nono a zaure, ta je ta dafa bayan motar ta daɗe, ta ce a nan ta haifi 'yarta ta fari. Taubashin Baba kuwa, wanda ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun zolayi juna ba, ya ɗaga murya ya ce, "To, mun huta. Yanzu kowa ya rufe ƙofarsa yadda ya ga dama." Daga nan ya ja hannun riga ya rufe fuska.

Ni babban ɗansa, ina amsa "amin, amin", amma idona yana gabas. Gaskiya tsoro nake ji. Inna, mahaifiyarmu, tana da ciwon asma tun muna yara, kuma da damina ya fi tasar mata. Ruwa ya taɓa ta ko sanyin iska mai laima ya buge ta, sai ƙirjinta ya toshe, numfashi ya koma fito. In abin shaƙa ya gaza, sai asibiti a Gumel, kuma tsakanin ƙauyenmu da kwalta akwai yashi da kududdufai. Ba a ɗora mai irin wannan ciwon a kan babur cikin ruwa. Motar Baba ce kaɗai a garin, kuma mutumin da ya san yadda ake hana ta yoyo shi muka binne ɗazu. Ga shi takabarta za ta cinye daminar gaba ɗaya.

Tsohuwa ake ce wa motar. Shi ya raɗa mata, domin ta girmi ƙannena duka. Robar da ke zagaye da bakin ƙofofinta da gilasanta da murfin baya kuwa, bai taɓa ce mata roba ba. Leɓe yake cewa. "Taɓa ka ji," zai ce, ya kama yatsana ya ɗora. "Leɓen nan ya fara bushewa. In ya tsage, ko ka rufe ƙofa ba ka rufe ba."

Wannan suna shi ya jawo ruɗani a ranarsa ta ƙarshe. Yana kwance, murya ta tafi, muna zagaye da shi: ni, da Inna, da Gwaggo ƙanwarsa, da Baffa ƙanensa. Ya buɗe ido ya dubi taga, ya ga sararin ya yi duhu, ya ce, "A shafa wa Tsohuwa mai a leɓe, kafin ruwa ya sauka." Bayan wannan sai kalmar shahada.

Gwaggo ta fashe da kuka. Ta dubi Inna, wadda zafi da jinya suka busar wa baki, ta ce, "Kin ji? Yana gargara, ke yake tunawa!" Ta laƙato man kaɗe za ta shafa mata. Inna ta kawar da hannunta a hankali.

"Motarsa yake nufi," in ji ta. "Ni ban kai wannan matsayin ba."

Ba ta faɗa da fushi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ni ma na san motar yake nufi. Na ƙudurta zan yi aikin da zarar an yi sadakar uku, domin ba ya kyautuwa a ga ɗan mamaci yana goge mota alhali masu gaisuwa na zaune.

Baba ba makanike ba ne. Manomi ne mai ɗan fataucin riɗi da wake, ranar kasuwa ya loda buhu ya kai Maigatari ko Sule Tankarkar. Injin mota ma ba ya taɓawa, in ya yi tari sai ya kira masu aikin. Amma robar ƙofa, wannan ba ya bar wa kowa. Yana da ranar da yake ware mata, da sassafe, a inuwa, kafin ƙarfe ya ɗauki zafi. Sai ya sa a ɗumama ruwa kamar na wankan jariri, ya kaɗa sabulu kaɗan, ya ɗauko tsohon rawaninsa da ya yi laushi. Ya buɗe ƙofofi duka, ya bi robar da tsumma yana shiga kowane lungu, yana fitar da yashin da ya maƙale. Ya ce yashi ne ke cin roba a hankali duk sanda ƙofa ta motsa. Ya ɗauraye, ya tsane, ya jira ta bushe sarai. Sannan ya zari tsinken tsintsiya ya zungure 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofa, waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu.

Sai a zo wajen mai. Gilisirin yake sawa, wannan farin mai mai yauƙi da mata ke haɗawa da man shafawa. Ya ɗiga a yatsa, ya bi robar yana murzawa har ta yi baƙi ta yi taushi. Ya bar ta ta sha, sannan ya goge abin da ya rage, domin man yana da zaƙi, in ka bar shi ya yi yawa sai kiyashi da yashi su taru. Da bazara kuma sai ya barbaɗa hoda kaɗan don kada zafi ya manne robar da ƙarfe. In ya gama, ya yagi takarda ya sa a bakin ƙofa ya rufe ya ja. In ta zare cikin sauƙi, ranar ba wanda zai ga dariyarsa.

Abin da ya haramta wa Tsohuwa kuwa, har waƙa muke yi da shi muna yara: ba fetur, ba kananzir, ba gas, ba baƙin mai, ba basilin. "Za ta yi ƙyalli yau," yakan ce, "jibi ta kumbura ta narke a hannunka." Na taɓa kawo masa wani feshi na silikon daga Kano, wanda masu harkar mota suka ce shi ne daidai. Ya gwada, ya yarda yana da kyau, har ya ce Allah Ya yi mini albarka. Amma ya koma wa gilisirinsa, wai feshi ba ya barin yatsa ya ji inda ciwo yake. Sabuwar roba irin ta Tsohuwa ba a samu. Ya nema a Kano, ya aika Damagaram, wani makanike a can ya aiko masa da cewa, "Alhaji, irin wannan kawucu, roba in ji ku, ya ƙare a duniya, ka riƙe wanda ke hannunka."

Shi ya sa buga ƙofa ya zama babban laifi a gidanmu. Haka finciko ƙofar da ta manne. Haka ajiye mota a rana. Baba ya taɓa barin wajen ɗaurin aure a Gumel tun ba a shafa fatiha ba, saboda inuwar da ya bar motar a ciki ta gusa.

Rigimarsu da Inna ɗaya ce tak da na sani, kuma a kan kwalbar gilisirin ce. In nasa ya ƙare, sai ya lallaɓa ɗakinta ya ɗauki nata, har da hodar.

"Malam, ina kwalbata?"

"Wace kwalba?"

"Wadda ke leƙowa daga aljihunka."

"Ruwa ne ke ɓata mini kujera in ya shiga," zai ce yana sauri ya fice.

"Kujera," sai ta maimaita, ta dubi ƙafarta da ta yi kaushi. "Allah Ya ba kujera lafiya."

Mun sha dariya a kan wannan. Sai da na girma na gane Inna ba dariya take yi ba. Baba mutum ne da zai tashi daga cin tuwo ya kai matar da bai sani ba asibiti, ya zauna a waje har ta sauka, ya ƙi karɓar ko goro. Amma ya buɗe baki ya ce wa matarsa "sannu da jiki" da taushi, wannan ya fi ƙarfinsa. In ciwonta ya tashi, faɗa yake kamawa: wa ya bar taga a buɗe, wa ya kunna turaren wuta. Ya sa ta a kujerar baya, ta bayan direba, inda ba ya yarda kowa ya zauna in ba ita ba, ya tuƙa bai ce uffan ba.

Ranar sadakar uku, bayan an watse daga addu'a, na shiga cikin gida raba gumba. Ina fitowa sai warin gas ya buge ni. Na dubi gindin darbejiya. Baffa ne ya tuɓe babbar riga, ya buɗe ƙofofin Tsohuwa, da gwangwani a hannu. Baffa injin niƙa gare shi, kuma a wurinsa mai ɗaya ne a duniya: duk abin da ya yi ƙara sai ya sha baƙin mai. Ya haɗa shi da gas don ya yi saurin shiga. Ya gama ƙofofin gaba, ya gama ta baya ta dama, robar sai ƙyalli take. Hannunsa na kan ƙofar Inna.

"Baffa! Kada ka taɓa!"

Ban san muryata ta kai haka ba. Tabarma ta yi tsit. Na fizge gwangwanin daga hannun ƙanen ubana a gaban dattawan gari.

Ya dube ni. "Wasiyyar Yaya nake cikawa. Da kunnena na ji. Ya ce a shafa mata mai. Kwana uku kana zaune ba ka yi ba."

"Ba wannan man ba ne."

"Mai ai mai ne!"

Liman ya kira ni gefe ya ce, "Ko da gaskiyarka, yanzu shi ne ubanka. Je ka ba shi haƙuri." Na je na durƙusa na ba shi. Ya ce ba komai, amma ya ɗauki rigarsa ya tafi gida. Ni kuma na ɗumama ruwa na kama wankin robar da sabulu, ina wankewa ina sakewa. Tsohuwar roba ce mai ƙananan tsagu, ta riga ta sha.

A haka Madam mai kemis ta same ni. 'Yar wajen Filato ce, ta zo Gumel da mijinta ma'aikacin gwamnati tun ina ƙarami, ya yi ritaya suka zauna. A wurinta muke sayen maganin Inna. Ta yafa gyale, ta shiga ta yi wa mata gaisuwa, ta fito ta tsaya a kaina. Ta ciro kwalbar gilisirin daga jaka.

"Babanka ya ce in ajiye masa kafin damina. Bai zo ya karɓa ba."

Na karɓa.

"Ka tuna shekarar da ruwa ya jiƙa mamanka cikin motar nan, a hanyar Gagarawa? Kai ƙarami ne lokacin. Ta kusa tafiya fa. Babanka ya zo shagona karɓar magani, ya zauna a benci ya yi kuka, babban mutum. Ya ce, 'Madam, robar ƙofa ce. Na ga ta bushe, na ce sai gobe.' Maigidana ne ya koya masa wannan mai."

Na ce, "Ya ce mana saboda kujera ne."

Ta yi tsaki. "Wace kujera? Ya ce kada mamanka ta sani. Ya ce in ta san ruwa yake tsoro, ita ma za ta riƙa tsoro, kuma tsoro ne ke fara rufe mata ƙirji tun ruwa bai zo ba. Gara ta ɗauka shi mai son mota ne."

Da ta tafi, na buɗe ƙofar Inna na dubi robarta da kyau, abin da ban taɓa yi ba. Ta fi sauran taushi nesa ba kusa ba. Na wanke ta, na tsane, na shafa mata man kamar yadda na ga yana yi. Na sa takarda na ja, ta ƙi fita. Ban gaya wa Inna komai ba. Abin da ya rufe tsawon rayuwarsa, ban ga dalilin da zan buɗe shi ana gab da ruwa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san daɗinsu ba. Kullum da safe sai na je na taɓa ƙofofin nan uku, kullum sai na ji sun ƙara kumbura, sun yi taɓo-taɓo, suna barin baƙi a yatsa. Ta gefen direba ta manne da ƙarfe, na buɗe a hankali, duk da haka wani yanki ya ɓalle. Na cusa tsumma. Ina jin tarin Inna daga ɗakin takaba sai in fita in dubi sama. Matata ta ce na zama Baba tun ba a yi arba'in ba. Manoma na roƙon ruwa, ni ma ina cewa amin, domin mu ma gero muke ci, amma Allah Ya sani da rabin baki nake faɗa.

Ruwan ya zo wata rana bayan la'asar, da iska a gabansa. Gwaggo ce ta fito da gudu ba mayafi.

"Taso! Ƙirjin ya rufe, abin shaƙar ba ya yi!"

Wata daga cikin matan ta fara maganar takaba, Liman da ya fake a zaurenmu ya ce, "Lalura ce, ku fita da ita." Na matso da motar har bakin zaure. Muka lulluɓe Inna da bargo, muka sa ta a kujerarta, na rufe ƙofar a hankali duk da saurin da nake, domin hannuna bai san wata rufewar ba. Gwaggo ta shiga gaba. Zan ja ke nan sai aka buɗe ɗaya ƙofar ta baya. Baffa ne, wanda tun ranar nan bai taka gidanmu ba. Ya shigo ya zauna bai dube ni ba.

Ba mu kai ƙarshen gonaki ba ruwa ya fara shigowa. Ta wajena yana zuba a kafaɗa yana gangarawa cinya. Ta wajen Gwaggo yana tsiyaya, tana ta salati. Na dubi madubi, na ga Baffa ya tuɓe babbar rigarsa ya dunƙule ya danna a saman ƙofarsa, ya juya bayansa ya tokare wurin, ruwa na bin wuyansa. Ya mai da jikinsa katanga tsakaninta da iskar.

"Tuƙa kawai," ya ce. "Nan ba abin da zai wuce."

Ina jin numfashin Inna a bayan kunnena, siriri, yana shiga da ƙyar yana fita da fito. In ya yi jinkiri sai ƙafata ta mutu a kan totur. Gilashin gaba ya yi hazo, Gwaggo na gogewa da gefen zane. Motar ta yi santsi a wani kududdufi, ta tsaya cak, ta yi gurnani, ta fita. Na riƙa kiran sunan Allah, kuma ban ɓoye ba, na riƙa kiran Baba a raina kamar yana kusa. Ban taɓa ganin hanyar Gumel ta yi nisa haka ba.

Da muka tsaya a ƙofar asibiti, na fito na buɗe ƙofarta. Na kai hannu kan bargon ta gefen ƙofa. A bushe yake ƙayau. Ma'aikata suka karɓe ta, suka sa mata abin numfashi, kafin magariba ƙirjin ya saki. Wata ma'aikaciyar jinya ta dube mu uku muna ɗigar ruwa a baranda, ta dubi Inna, ta ce, "Ita a wace mota ta zo?"

Washegari da hantsi aka sallame mu. Rana ta fito, kujerun gaba na tururi. Inna ta zauna a wurinta, ban rufe ƙofa ba tukuna. Ta dubi Baffa da ke ta atishawa, ta dubi tsumman da na cusa a ƙofata, sannan ta dubi tata.

"Jiya ina ji ina gani," ta ce. "Ko'ina ya zuba, ban da nan."

Na ce, "Ita ya fi shafawa."

"Tun yaushe?"

"Tun hanyar Gagarawa."

Ta sake duban ƙofar. Sai ta miƙa hannu ta bi robar da yatsa, a hankali, daga sama har ƙasa. Ta dubi yatsan, ta kai shi leɓenta. Na ga ta ɗanɗani zaƙin.

Ta juya wajen Gwaggo, hawaye na zuba, ta ce, "Ashe ke kika fahimce shi."

Kwalbar tana ɗakinta yanzu. Ba ta shafa ko ɗigo a ƙafarta. Duk sanda ta ga gabas ta yi duhu sai ta aiko mini da ita, ni da Baffa mu ɗumama ruwa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya sa can ta fi masa nan. Ya ƙare kwanakinsa yana toshe wa ruwa hanya. Ya Allah, ruwan rahamarka kuwa, Ka buɗe masa ta ko'ina. Amin.